Kafin ka sayar da jirgin nan saboda shan mai

Ɗan'uwa, sau biyu na karanta tambayarka kafin na fara rubutu, domin ni ma na taɓa tsayawa daidai inda kake tsaye. Ka ce ka gaji jirgin ruwa na faiba mai tsawon ƙafa 17 daga wajen mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da injin Evinrude mai ƙarfin doki 115 ƙirar 1976, kuma duk fitar da ka yi sai ka dawo da tanki fayau, har ka fara tunanin rabuwa da shi. Nawa injin ƙaninsa ne a ƙarfi, doki 85, amma sa'ansa ne a shekaru, kuma yau shekara goma sha ɗaya ke nan yana hannuna.

Shawarata kada ka yanke hukunci a bana. Ba shi shekara guda, ka samu ɗan littafi ka ajiye a jirgin, duk fita ka rubuta awa nawa inji ya yi yana aiki da lita nawa ka zuba. Yawancinmu ba mu san abin da jirginmu yake sha ba, zafin ranar cika tanki kawai muka sani.

Gaskiya ne yana sha, ba zan ɓoye maka ba. Injinka mai bugu biyu ne, wato irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kuma mai kafireta. A irinsa, lokacin da sabon mai yake shiga silinda, ƙofar fitar hayaƙi ba ta gama rufewa ba, sai wani kaso ya bi ta can ya fice bai ƙone ba, wani lokaci har kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan maiƙon mai launin bakan gizo da kake gani a kan ruwa bayan ka tayar da inji, man ka ne. Haka aka ƙera shi, babu makaniken da zai raba shi da wannan hali. Lissafin da masu jirgi suka saba yi shi ne galan ɗaya a awa ga kowane doki goma idan an taka totur har ƙarshe. Kenan naka zai lashe lita 40 da 'yan kai a awa guda, ban da baƙin man da kake haɗa masa, rabin lita ga kowace lita 25 ta fetur.

Amma wa yake wuni da totur a ƙure? Nan ne littafin ya buɗe mini ido. A shekarar da na fara rubutawa, injina ya yi awa 41 gaba ɗaya, ya sha lita 430. Da ka tambaye ni kafin nan, da na rantse maka ya haura lita dubu. Na kuma ga cewa fita uku kacal, waɗanda na kwashi abokai muka yi ta tsere da iska, su suka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na man shekarar.

Jirgi irin namu tafiya uku gare shi, kuma wanda bai rabe su ba zai yi ta zuba mai a banza. Akwai ta sannu, inda jirgin yake ratsa ruwa a kwance, wajen kilomita 9 zuwa 10 a awa ga mai tsawon naka. A nan kurɓa kawai yake yi. Akwai wadda ya haye saman ruwa yana sulɓi. Sai ta tsakiya, kuma ita ce maciyiyar mai: hanci ya ɗaga sama, baya ya nutse, ga igiyar ruwa ƙatuwa yana ja a bayansa, inji yana nishi kamar mai hawa tudun da ba ya ƙarewa. Abin tausayin shi ne a nan mai son tattali ya fi zama, yana ganin ai bai taka da yawa ba. Ni ma na yi shekara biyu a haka. Ko dai ka tafi a sannu, ko ka ba shi wuta ya haye da sauri, sannan ka sassauto har inda yake riƙe da sulɓinsa ba tare da ya koma ya zauna ba. A nawa wajen juyi 3,500 ne a minti, kuma shan da yake yi a nan bai fi rabin na ƙurewa da ɗan ɗoriya ba. Idan jirginka ba shi da agogon juyin inji, shi za ka fara saya kafin komai.

Da agogon ne kuma za ka gane ko farfelarka ta dace. Ranar da ruwa ya kwanta, da kayan da ka saba ɗauka, ka ƙure totur na ɗan lokaci ka duba. Irin injinka ana so ya kai tsakanin 4,500 da 5,500. In ya kasa, ko farfelar ta yi masa nauyi, ko jirgin yana ɗauke da abin da ba ka sani ba.

Wannan na biyun shi ya same ni. A shekarata ta huɗu na lura jirgin yana jinkirin hayewa, kuma idan yana tsaye bayansa ya fi zama cikin ruwa fiye da da. Na wanke kafireta, na sauya fulogi, shiru. Wani dattijo mai gyaran jirage ya ce mu ɗaga daɓen. Da muka yanke wani ɗan murabba'i kusa da baya, sai ga soson nan da ake cusawa a ƙarƙashi don hana jirgi nutsewa, ya yi ruwan ƙasa. Dattijon ya danna shi da babban yatsa, ruwa ya tsatso ya cika gurbin yatsan, ga wari kamar na tsohuwar rijiya. Kwana biyu muna haƙarsa muna zubawa a bokiti, ina ɗorawa a sikeli don in sani: ya haura kilo 120. Wato duk fitar da nake yi, akwai ƙarti biyu kwance a ƙarƙashin ƙafata da nake saya wa mai. Jirgin faiba na shekarun 1970 da ya sha ruwan sama a buɗe, da wuya ka same shi bai da wannan ciwo. Haka nan gansakuka da ƙananan katantanwa da ke manne wa ƙarƙashin jirgin da aka bari a ruwa. Kankare su kaɗai yana dawo da gudu.

Wasu za su ce ka cire tsohon ka ɗaura sabo mai bugu huɗu. Ba ƙarya suka yi ba, ya fi tattali, ba hayaƙi, ba haɗa baƙin mai. Sai dai ka yi lissafi da alƙalaminka. A ce ya rage mini kashi ɗaya cikin uku, lita 140 ke nan a shekara. Raba kuɗin sabon inji da kuɗin lita 140, ka ga shekara nawa za ka yi kafin ya biya kansa. Ni da na raba, sai na ga jikokina ne za su ci ribar. Ga shi kuma ya fi tsohon nauyi, alhali allon bayan jirgin, inda ake ɗaure inji, ba don shi aka yi shi ba. Mai fita kullum don neman abinci, wanda yake yin ɗaruruwan awoyi a shekara, shi kam sabon inji ya kama shi. Mai fitar ƙarshen mako lissafinsa daban.

Batun kayan gyara kada ya tayar maka da hankali. An daina ƙera Evinrude a 2020, amma injinan nan masu silinda huɗu an yi su shekaru da yawa, kuma kayansu ɗaya da na injinan jirgi ƙirar Johnson na zamaninsu, don haka ana samu. Abin da zan roƙe ka shi ne ka sauya duk tiyon mai tun yanzu. Fetur da ake gauraya wa itanol yana cin tsohuwar roba, yana kuma jan danshi idan ya daɗe a tanki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya yana jiran tartsatsi. Wannan ba maganar tattali ba ce, maganar rai ce.

To yaushe zan ce ka sayar? Idan allon baya, inda inji yake ɗaure, ya ruɓe. Ɗaga injin sama, ka kama ƙafarsa ka danna da ƙarfinka kana kallon allon. In ya motsa, ko ka ƙwanƙwasa da guduma ka ji sauti a dushe maimakon ƙarau, katakon da ke ciki ya tafi, kuma gyaransa yana iya fin kuɗin jirgin. Haka idan aka auna matsin silinda aka ga ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran da fiye da kashi goma cikin ɗari. Sai na ukun, wanda ya fi wuyar faɗa: idan shekara ta zagayo littafinka bai fi layi uku ba. Jirgin da aka ajiye ya fi wanda ake hawa lalacewa. Mai ya daskare a kafireta, roba ta bushe, ruwa ya kwanta a ciki. In haka ne, ba da shi ga wanda zai riƙa fita da shi ba cin amanar mahaifinka ba ne.

Ni dai na riƙe nawa, kuma ban yi nadama ba. Na rage tsere, na koyi kashe inji in bar ruwa ya ɗauke mu. Ɗiyata ƙarama tana gane ƙararsa tun daga nesa cikin jirage goma, ita ce ma take riƙe littafin yanzu. Kai kuma naka hannun mahaifinka ya goge sitiyarinsa, wannan ba ya shiga lissafin lita, amma kana da haƙƙin sa shi a sikeli.

Ka gwada allon bayan a makon nan, ka sa a auna maka matsin silinda huɗun, ka turo mini alƙaluman tare da juyin da yake kaiwa a ƙure. Daga nan sai mu san ko farfela za mu fara taɓawa ko daɓe.