Wane irin winci ya dace da tirelar jirgin da ke shiga ruwan gishiri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Port Sudan, ina kula da jirgin kamun kifi na faiba, nauyinsa da inji kusan kilo 900. Wincin hannu, wato na’urar da nake jawo jirgin da ita daga ruwa zuwa kan tirelar da mota ke ja, ya fara gajiyar da ni, ina son sayen na lantarki. Wani ya ce in sayi irin wanda ake ɗaura wa motar jeji, ya fi araha. Me za ku ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka je kasuwa, sake lissafin nauyin nan. Kilo 900 jirgi ne da inji kawai. Fetur lita 100 ya kai kilo 75, ga ƙanƙara, ga raga, ga kifin da aka kamo. Ka ɗauka kilo 1,200 kake ja. Idan tirelarka mai ƙananan tayoyi ce da jirgi ke gangarawa a kansu, winci mai jan kashi uku cikin huɗu na nauyin, wato kilo 900, ya wadatar. Idan kuwa katako ne mai shimfiɗa jirgin ke gogawa, ko gangaren bakin ruwan ya yi tsaye, nemi mai jan nauyin gaba ɗaya.

A kwali za ka ga lamba biyu: ƙarfin jan igiya, da girman jirgin da aka ce yana ɗauka. Ta biyun ce ake rubutawa da manyan baƙaƙe don ta fi burgewa, amma ta farkon ce abin dubawa. Galibi da fam ake rubuta ta, sai ka raba da 2.2 ka samu kilo.

Yanzu ga babban abokin gaba. Ban cika ganin wincin da nauyi ya kashe ba, gishiri ne ke cinye su. Gishirin Bahar Maliya, tekun da Port Sudan ke bakinsa, ya kai giram 40 a kowace lita, alhali na yawancin tekuna 35 ne. Ka buɗe wincin motar jeji mai araha bayan ’yan watanni a bakin teku, za ka tarar da kan wayoyin sun yi kore shar, farin gari ya lulluɓe gindinsa, maɓalli yana ƙas-ƙas amma inji ba ya juyawa. Shi ya sa ban goyi bayan shawarar da aka ba ka ba. Nemi wanda aka ƙera don tirelar jirgi, mai rufaffen akwati. In ka ga IP67 a jiki, ma’anarsa yana jure nutsewa mita ɗaya na minti 30. Kusoshi da ƙugiya su zama ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316, ya fi 304 jure gishiri.

Igiyar ƙarfe daga ciki take ruɓewa, sai ranar da silinta ya soke ka a tafin hannu za ka sani. Na fi son ɗamara mai faɗi ko igiyar Dyneema, wato ta zaren roba mai ƙarfi, sai dai a riƙa rufe su, ranar ƙasarku ba ta wasa.

Kada ka sayi wanda ba shi da mariƙin juyawa da hannu. Batir yakan mutu daidai lokacin da rabin jirgi ke kan tirela. Wayar da za ta taho daga batir mai volt 12 ta zama mai kauri, da fiyus kusa da batirin, kuma a bar injin mota a kunne yayin ja.

Duk ranar da kuka fito, ɗauraye wincin da ruwan famfo, ka shafa giris a kan wayoyi. In za ku hau titi kuma, sa sarƙa a goshin jirgin, ka ɗaure bayansa da ɗamara, kada ka bar wa wincin riƙon.