Taswirata ta fito da launi ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na auna damshin ƙasa a wurare 400 a wata gona a Samaru, layi 20, kowane layi awo 20. Na haɗa manhaja da harshen kwamfuta na Python da PyQt (kayan gina fuskar manhaja), ina zana taswirar launi da Matplotlib (kayan zane na Python). Amma duk ta fito rawaya sai ɗigo uku masu duhu, kuma kudu ta koma sama. Ina gyaran yake?
Ɗalibi, Samaru, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗigo ukun nan su suka ɓata maka aiki. Buɗe fayil ɗinka ka duba, da wuya ka rasa -9999 a wuraren, domin na'urori da yawa haka suke rubutawa inda awo bai samu ba. Shi kuwa Matplotlib yakan shimfiɗa launuka ne daga lamba mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Awonka na gaske, a ce 8 zuwa 30 cikin ɗari, sai ya cushe a can ƙarshen sikeli, ya zama rawaya zalla. Mayar da kowane -9999 zuwa NaN, wato alamar babu lamba, gurbin zai fito fari. Sannan ka sa vmin da vmax, wato lambar farkon sikelin launi da ta ƙarshensa, da hannunka. Wannan wajibi ne in za ka jera taswirar watan Agusta da ta Fabrairu, in ba haka ba rawayar damina da rawayar rani ba lamba ɗaya suke nufi ba, mai karatu kuma ba zai sani ba.

Juyewar kuwa, imshow, umarnin da ke zana taswirar, yana ɗora layin farko a sama ne. In daga kudancin gonar ka fara awo, rubuta origin='lower', ka ba shi extent, wato iyakokin gonar, a mita.

Ka bar jerin launi na viridis yadda yake, shi Matplotlib yake sawa da kansa tun 2017, haskensa na ƙaruwa daidai da lamba. Kada kyan jet, jerin launi mai tashi daga shuɗi zuwa ja, ya ja ka. Ranar da ka buga kundinka baƙi da fari a shagon hoto-kwafi, shuɗinsa da jansa duk duhu za su fito, busasshen wuri da jiƙaƙƙe su zama ɗaya.

A cikin manhajar, kira imshow da colorbar, mai zana sandar launi, sau ɗaya tak. In kana maimaita su duk lokacin da aka danna maɓalli, sandunan launi za su yi ta taruwa a gefe suna matse taswirar. Sabon awo ka shigar da shi da set_data, sannan ka kira draw_idle ya sabunta zanen.