Ta ina ake fara neman asalin kakanni 'yan ƙodago a ƙauyen Wales?

Tambaya: Matata 'yar Wales ce. Da muka je ƙauyensu ta nuna mini kabarin kakannin kakanta, miji da mata, a harabar wata 'yar majami'ar Baftis. An ce ƙodago suke yi a gonakin mutane, kuma wajen ƙarshen ƙarni na 19 suka rasu. Muna so mu rubuta wa yaranmu asalinsu. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, ku koma kan dutsen kabarin tukuna, ku kwafe duk abin da ke jiki. Idan da yaren Wales aka rubuta, "Er cof am" na nufin don tunawa da wane, "bu farw" ya rasu, "priod" kuma abokin aure. Amma abin da ya fi komai daraja shi ne sunan gidan da suka zauna, wanda galibi ake sassaƙawa bayan sunan mamaci. Dalili kuwa, mutanen Wales sun daɗe suna kiran mutum da sunan ubansa, kamar yadda muke cewa Audu ɗan Musa, sai daga baya sunayen suka daskare suka zama Jones, Davies, Evans. A ƙauye guda sai ka tarar da John Jones rututu. Sunan gida ne ke raba su.

Ɗan ƙodago ba shi da fili, da wuya ya bar wasiyya, don haka takardun ƙidaya ne gatanku. Ta 1841 ce ta fara kawo sunan kowa, sai dai kada ku amince da shekarunta, domin an rage wa duk wanda ya haura 15 shekarunsa zuwa biyar-biyar, wato mai 29 sai a rubuta 25. Ta 1851 ta fi ta nesa ba kusa ba: tana faɗin shekaru da inda aka haifi mutum. A gaban sunan mijin za ku iya ganin "Ag lab", wato leburan gona. In kun ga kowace ƙidaya ta same su a wani gida dabam, kada ku ce ba su ba ne. Haya suke yi, inda aiki ya kira can suke komawa.

Ga inda mutane ke ɓata lokaci: sai su yi ta neman takardar aure a majami'ar da aka binne su. Daga 1754 zuwa 1837 doka ba ta yarda da aure a wajen cocin Anglican ba, in ban da na Yahudawa da 'yan Quaker, wata ɗariƙar Kirista. To idan kafin 1837 suka yi aure, ku duba littafin cocin Anglican na gundumarsu. Kuma tunda Baftis ne, kada ku nemi baftismar jarirai, sai mutum ya girma suke yi masa.

Matar ce mai wuyar samu, domin sunan mijinta ya haɗiye nata. Mafita ita ce takardar haihuwar ɗaya daga cikin 'ya'yansu. Rajistar gwamnati ta fara ran 1 ga Yuli 1837, kuma takardar haihuwa na ɗauke da sunan dangin da uwar take amfani da shi kafin aure.

In akwai hali ku leƙa Babban Ɗakin Karatu na Wales da ke Aberystwyth. Tsofaffin jaridunsu na intanet kyauta, ku saka sunan gidan nan a wurin bincike tare da sunan majami'ar.