Mayafina ya sauka daga allura kamar tsumma, me zan saya?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato mayafin da ake saƙawa da allura biyu, mai raga-raga, wanda wasu ke kira leshi. Na ɗauko biyar daga ciki, na ɗan taƙaita su.

Ta farko ta ce: "Anti, barka da aiki. Wata uku ina saƙa mayafi mai kusurwa uku da siririn zaren ulu. Jiya na cire shi daga allura, sai ga shi ya takure, ko kafaɗa ba ya rufewa, ganyayyakin da na gani a hoton kuwa ko alamarsu babu. Na ga ana tallar akwatin kayan ɗame mayafi, da siraran wayoyin ƙarfe da fil da tabarmar soso. In saya ne, ko aikin ne ya riga ya lalace?"

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, babu abin da ya lalace. Haka kowane mayafi irin wannan yake sauka daga allura, a yamutse, kamar an tsamo shi daga ƙasan kwandon wanki. Ramukan da kika yi ta hanyar naɗa zare a kan allura suna nan, sun rufe bakinsu ne kawai, don shi ulu ɗabi'arsa ce ya koma ya nannaɗe. Sai an jiƙa shi, an ɗame shi, ya bushe a ɗame, sannan zanen ke buɗewa. Ulu gashi ne, kuma halinsa ɗaya da gashin kanki: idan aka kitse shi da danshi ya bushe, ko an tsefe sai ya fito da lanƙwasar kitson. Ruwa yana sassauta shi, bushewa kuma tana kafe shi a yadda ta same shi.

Ga yadda nake yi. Ina zuba ruwa mai ɗumi kaɗan a roba, wanda hannu ba ya jin zafinsa, da ɗigon sabulun wanke ulu ko na wanke gashi. Sai in danna mayafin ciki in bar shi minti 20 zuwa 30. Kada ki ga ya jiƙe ta waje ki ce shi ke nan, ulu yana da taurin kai wajen shan ruwa, sai ya daɗe kafin ruwan ya ratsa cikinsa. Ba a cuɗawa, ba a murɗawa. Jikin kowane silin ulu akwai ɗan ɓawo-ɓawo kamar na kifi, kuma zafi da sabulu da gogayya idan suka haɗu sai ɓawon ya sarƙe da juna, mayafin ya dunƙule ya zama kamar bargo, wannan kuwa ba shi da magani. Ki tallabo shi da hannu biyu daga ƙasa, don jiƙaƙƙen zare siriri yana iya tsinkewa da nauyin kansa. Ki shimfiɗa shi a kan tawul, ki naɗe kamar tabarma, ki taka a hankali. Bayan nan sai ki baza shi a inda za ki ɗame: fara da dogon gefen sama ki miƙe shi sambal, sannan ki ja tsinin ƙasa, sannan ki bi kowane haƙori, wato tsinayen adon bakin mayafin, ki kafa masa fil, kina auna hagu da dama da tef don kada ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ki ja shi fiye da yadda zuciyarki ke so, har ramukan su buɗe sarai. Kuma kada ki cire fil sai ya bushe ƙarau. Ulu yana iya riƙe ruwa kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa hannu bai ji danshi ba, saboda haka in kin taɓa kin ji ya bushe, ƙara masa kwana ɗaya.

Yanzu batun saye. A cikin akwatin nan abu ɗaya ne kawai ba zan yarda ki yi masa ƙwauro ba, shi ne fil. Ki nemi wanda ba ya tsatsa, mai kai kamar harafin T, kuma da yawa, don mayafi mai haƙora yana iya cinye ɗari. Ni da ke ba ki shawarar nan na taɓa ɗame farin mayafi da fil ɗin ɗinki na gida, na bar shi kwana biyu. Da na zo cirewa, kowane haƙori na same shi da ɗigon ja-ja a tsininsa, guda arba'in da wani abu, a jere kamar da gangan aka yi ado da su. Har yau mayafin yana nan da tabonsa. In kina shakkar fil ɗin da kika saya, soka biyu a jiƙaƙƙen ƙyalle fari ki bar su su kwana, da safe za ki ga gaskiyarsu.

Wayoyin, waɗanda ake zurawa ta gefen mayafi, suna da amfani, suna sa gefe ya miƙe ba tare da ƙananan tsinaye irin na fil ba, amma za ki iya zura zaren auduga mai ƙarfi da santsi ta gefen tun kafin ki jiƙa, ki ɗaure bakinsa biyu a fil ki ja ya yi tauri. Aikin ɗaya ne, sai dai ya fi cin lokaci. Tabarmar soso kuwa, katifa da aka shimfiɗa wa tsohon zanen gado ta wadatar. Masu saƙar tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotilan, waɗanda mayafansu suka yi suna a duniya, a kan firam na katako suke ɗame nasu, da zare. In mayafi ɗaya kike yi a shekara, fil ya ishe ki. In kin ga kin kamu da abin, sai ki sayi wayoyin daga baya.

Abu ɗaya da zai iya ba ki matsala, ki duba shi yau: layin ƙarshe da kika rufe saƙar da shi. Ja shi da hannu. In ya ƙi miƙewa, warware layin nan ki sake rufewa da allurar da ta fi girma, tun kafin ruwa ya taɓa shi.

Wasiƙa ta biyu: "Anti, ina son fara mayafina na farko. Zaren roba, wato akirilik, ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ga launuka masu kyau. Wata ƙawata kuma ta ce in sayi moha mai gashi-gashi, wai shi ne na gayu. Wanne zan ɗauka?"

'Yar'uwa, ko ɗaya. A kan zare mai kyau ne ya kamata kuɗinki ya tafi, domin duk abin da na faɗa wa ta sama, zare ne ke yanke hukuncin ko zai yi aiki. Akirilik ba gashi ba ne, ruwa ba ya canza masa hali. Ki jiƙa shi, ki ɗame, ki cire fil, zai koma yadda yake kamar ba a yi ba. Hanya ɗaya ce ake lallashinsa, da tururin dutsen guga, ana riƙe dutsen a sama ba tare da ya taɓa saƙar ba. Zafin yana sassauta robar ta kwanta, kuma in ta kwanta ta kwanta ke nan har abada, in kin yi kuskuren siffa ba gyara. In dutsen ya taɓa kuwa, narkewa zai yi. Akwai masu yin haka su sami mayafi mai kyau, ban musa ba, musamman in na yaro ne da za a riƙa jefawa a injin wanki. Amma ki zuba wata biyu ko uku na idonki a kan zaren da zai ƙi buɗe zanen? Araha ba ta ado.

Moha, gashin akuyar Angora ne, kyakkyawa ne ƙwarai, mara nauyi kamar hazo. Matsalarsa gashin nan yana kama juna, ranar da kika yi kuskure kika zo warwarewa za ki yi ta fama kamar mai tsefe kan yarinyar da ba ta so. Mai koyo kuwa dole ta warware, ba sau ɗaya ba. Ga shi kuma gashin yana rufe maɗaukan, wato lanƙwasoshin zare da ke jere a kan allura, ba ki ganin inda kika ɓata. Ki bar shi sai mayafi na uku.

Abin da zan sa a hannunki shi ne ulun tumaki zalla, ko mai ɗan siliki a ciki, mai santsi, launi ɗaya mai haske. Zare mai launuka da yawa yana cinye zane, baƙi kuma yana cinye ido. Ki juya takardar da ke jikin dunƙulen ki karanta tsawo, shi ne ma'aunin kauri. Wanda ya kai kamar mita 400 a giram 100, irin da ake saƙa safa da shi, shi ne na mai farawa, kuma dunƙule ɗaya yana fitar da ƙaramin mayafi. Mai mita 800 a giram 100 shi ne ainihin zaren leshi. Abin da ya haura mita 1,000 kuwa ya fara zama kamar yanar gizo-gizo, ki gaishe shi ki wuce tukuna. In za ki sayi dunƙule fiye da ɗaya, ki tabbata lambar rinin da ke jikin takardunsu ɗaya ce, in ba haka ba za ki ga layi a tsakiyar mayafi inda launi ya sauya.

Akwai ulun da aka rubuta wa cewa ana iya wanke shi a inji. An sarrafa shi ne aka kashe ɓawon nan, galibi da sinadarin kulorin, aka kuma shafe shi da wani siririn rufi. Ba ya dunƙulewa, wannan alheri ne, amma yana saki sosai in ya jiƙe, kuma a hannuna bai cika riƙe tsinin haƙora kamar ulun da ba a taɓa ba. Ki saƙa ɗan gwaji kamar tafin hannu, ki jiƙa ki ɗame ki gani, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ta uku gajeriya ce: "Allura ta ƙarfe ko ta gora?"

Tsini ya fi kayan da aka yi ta da shi muhimmanci. Za ki riƙa haɗa maɗauki biyu ko uku a saƙa ɗaya, allura mai dakusasshen baki za ta sa ki kuka. Ki nemi mai igiya a tsakiya, tsawon santimita 80 zuwa sama, ki shafa mahaɗar igiyar da allurar da farce, in farcenki ya maƙale to zare ma zai maƙale. Gora tana riƙe zare, ta fi wa mai tsoron zamewa. Kauri kuwa, milimita 3.5 zuwa 4 ga siririn zare, don ana so saƙar ta yi sako-sako. Kuma ki haɗa da zaren auduga mai santsi na wani launi daban, duk bayan kin gama zagaye ɗaya na zanen ki zura shi ta cikin dukkan maɗaukan da ke kan allura. Ranar da abu ya rikice, sai ki warware zuwa wurin, ya tare miki su.

Ta huɗu daga namiji ce: "Hajiya, ni ba na saƙa. Mahaifiyata nake son saya wa mayafin da aka ce yana wucewa ta cikin zobe. Na ga ana tallarsa a intanet, wani ya ce na Shetland ne, wani ya ce na Rasha. Yaya zan gane na hannu?"

Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa. Batun zoben gaskiya ne, ana faɗarsa game da mayafan Shetland, musamman na tsibirin Unst, da kuma na Orenburg a Rasha, waɗanda ake yi da laushin gashin akuya da aka murɗa tare da siliki ko auduga. Sai dai wucewa ta zobe ba shaida ba ce, siririn mayafin inji ma zai wuce, har da gudu. Ka nemi mai sayarwa ya turo maka hoto na kusa, gaba da baya, da hoton gefe da kusurwa. Saƙar hannu tana da ɗan bambanci tsakanin maɗauki da maɗauki ko a hannun gwanaye, ta inji kuwa kowane rami tamkar ɗan'uwansa. Ka duba ko an yanka gefen ne aka bi shi da keken ɗinki, in haka ne daga babban yadi aka yanko shi. Ka tambayi irin zaren, da nauyin mayafin a giram, da wanda ya saƙa, mai kayan gaske ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin. Akwai kuma na garin Haapsalu a Estoniya, masu ƙananan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar hatsi a cikin zanen, waɗanda ake yi ta hanyar fitar da maɗaukai biyar ko bakwai ko tara daga guda ɗaya sannan a sake haɗe su. Babban mayafi irin waɗannan aikin makonni ne ko watanni, don haka in ka ga kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ka san amsar. Ka kuma yi tunanin ko Mama za ta iya kula da shi, don ba a jefa shi cikin wanki tare da sauran kaya.

Wannan ya kawo mu ga ta ƙarshe, wadda ta tambaya ko ɗamewa sau ɗaya ta isa, da kuma yadda za ta ajiye mayafin.

Ba ta isa ba, ƙanwata. Duk ranar da kika wanke ulu, ruwa ya kwance abin da ruwa ya ɗaure, sai kin sake kafa fil. Sa'ar dai mayafi ba ya bukatar wanki sosai, sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar, a tsakani ki riƙa shanya shi a inuwa ya sha iska. Kada ki rataye shi a ƙusa ko a maratayi, nauyinsa zai ja shi. Ki ninke shi sako-sako, ki sa a jakar da ke rufewa ruf, kuma sai kin wanke shi ya bushe kafin ajiya mai tsawo, don asu ya fi bin ulun da ke da gumi da man jiki. Ki ajiye ragowar zaren a cikin jakar tare da takardarsa, ko da mita biyar ne, saboda ranar da ɗan kunne zai kama sili ɗaya ya tsinka.