Yadda doka ke tsare 'ya'yanmu a intanet a nan Birtaniya

Malam, ka tambaya ko da gaske ne a nan hukuma ke sa ido kan wayar yaro. A'a, kamfanoni doka ta riƙe wa wuya. Dokar Online Safety Act ta Oktoban 2023 ta ɗora wa Facebook, TikTok, Instagram da ire-irensu nauyin kawar da abin da zai cutar da yara, Ofcom, hukumar kula da harkokin sadarwa, kuma ita ke bin sawunsu. Tun 25 ga Yulin 2025, shafin batsa dole ya tantance shekarun mai shiga, da hoton fuska ko katin banki ko takardar shaida. Danna "na kai 18" ya daina isa. Tara na iya kai fam miliyan 18, ko kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfanin a duniya, duk wanda ya fi yawa. Sai dai yaro mai wayo da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, yake kewaye shingen, shi ya sa a gidajenmu da yawa waya a falo take kwana.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne WhatsApp. A gida an saba, in bidiyon abin kunya ya fito, sai a watsa shi a zaure da "jama'a a yi hattara". A nan, in wanda ke ciki bai kai 18 ba, tura shi laifi ne a ƙarƙashin dokar kare yara ta 1978, hukuncinsa har ɗaurin shekara 10, kuma kyakkyawar niyya ba ta wanke mutum. Zamansa a wayarka ma laifi ne, alhali waya da kanta take sauke hotuna in ba ka kashe wannan saitin ba. Wanda aka turo wa, 'yan sanda zai kira, kada ya tura wa kowa, ko da liman ne.

Sai masu yaudarar yaro ya aiko hoton tsiraicinsa, sannan su nemi kuɗi. Al'adarmu rufin asiri ce, da shi kuwa maciyin amanar yake cin kasuwa. Abin da muke gaya wa iyaye: kada a biya ko kwabo, don wanda aka biya dawowa yake. Kada a goge saƙonnin, a adana sunan asusun da lokutan hirar, a toshe shi, a kai ƙara ga CEOP, sashen jami'an tsaro mai yaƙi da cin zarafin yara a intanet. Yaron zai iya kiran Childline, layin taimakon yara, kyauta a 0800 1111. Akwai kuma Report Remove, inda ake yi wa hoton wata lambar shaida ta musamman, manyan shafuka su hana sake ɗora shi. Uban da ya fara da duka da ƙwace waya, ranar ya daina jin labari.

Babba ya aika wa ɗan ƙasa da 16 saƙon batsa laifi ne a Ingila da Wales tun 2017, ko bai taɓa ganinsa ido da ido ba. Saboda haka Islamiyyun da suka san abin da suke yi ba sa barin malami ya yi hira da ɗalibi shi kaɗai a waya. Saƙon hadda ta lambar uwa ko uba yake bi.