Na gyara bayanai babu netwok, amma sun ƙi shiga rumbun bayanai

Tambaya: Salam Malam, ina haɗa manhajar shago da C#, ina ɗauko lissafin kaya daga SQL Server in zuba a DataSet (kwafin bayanan da ke zama a kwamfutar shago) don yaran shago su ci gaba da aiki ko netwok ya ɗauke, to in ya dawo sai in kira Update don tura gyaran zuwa sabar amma wallahi babu abin da ke shiga, kuma ko kuskure ba ya nunawa. Dan Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Fara da duba ko kana kiran AcceptChanges (umarnin da ke cewa an gama da gyare-gyaren) kafin Update, don galibi nan ne gizo ke saƙar. Kowane layi a cikin DataTable, wato tebur ɗaya a cikin DataSet, yana ɗauke da alama, RowState, wadda ke nuna ko sabo ne, ko an gyara shi, ko an goge, ko ba a taɓa shi ba, kuma da wannan alamar kaɗai DataAdapter, mai kai bayanai tsakanin DataSet da sabar, yake sanin abin da zai tura. Da ka kira AcceptChanges alamun sabbin layuka da waɗanda aka gyara sun koma Unchanged, wato ba a taɓa ba, waɗanda aka goge kuma an fidda su, sai Update ya duba ya ga babu aiki ya yi shiru abinsa. Cire AcceptChanges ɗin kawai, ai Update da kansa yake kiransa bayan layi ya shiga lafiya. Haka wajen gogewa, Delete za ka yi amfani da shi ba Remove ba, Remove fidda layin yake gaba ɗaya, sabar ba za ta taɓa jin labari ba.

Sannan DataSet fa a RAM yake zaune, in Nepa ta ɗauke wuta kwamfuta ta mutu cinikin ranar ya tafi. Riƙa ajiye shi a fayil da WriteXml a tsarin DiffGram, shi yana riƙe alamun, ko ka koma SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da ke zama a kwamfutar kanta.

Amma abin da ya fi damuna wanda ba ka tambaya ba shi ne ranar da mutum biyu za su taɓa layi ɗaya. A ce buhun sukari 50 ne a sito, yaro ɗaya ya sayar da 10 kwamfutarsa ta rubuta 40, ɗayan ya sayar da 5 tasa ta rubuta 45, netwok na dawowa wanda ya tura daga baya shi zai danne na farko, manhaja ta ce 45 alhali 35 ne a ƙasa, kuma ƙarshe yaron shago za a zarga da sata ba kai ba. Don haka saka ginshiƙin rowversion (lambar da sabar ke canzawa duk lokacin da aka gyara layi) a teburin, ka sa shi cikin WHERE na umarnin gyaranka, in wani ya riga ka canza layin babu abin da zai gyaru, sai ka samu DBConcurrencyException, kuskuren da ke nuna an yi karo, a nan ka nuna wa mai shago duka biyun ya zaɓa.

Ni dai a harkar kaya da kuɗi ban yarda a tura jimilla ba sam. Kowane ciniki ya zama sabon layi nasa, sabar ta yi ragin da kanta. Ka ba kowane layi GUID (doguwar lambar shaida ta kansa) tun daga kwamfutar shago maimakon lambar identity da sabar ke bayarwa, ta yadda in netwok ya yanke ana tsakiyar turawa ka sake turawa ba zai shiga sau biyu ba, kuma ka haɗa turawar cikin SqlTransaction guda, ko duka su shiga ko a fasa.