Fitilun testa duk sun kama, amma kwamfuta na yankewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗakin kwamfuta a unguwar Mabera, cikin birnin Sakkwato, inda ɗalibai ke koyon jarrabawar JAMB. Wanda ya ja mana wayoyin sadarwa ya gwada kowace da testa, wato ƙaramar na'urar gwada waya, a gabana, fitilu takwas duk suka kama, amma kwamfutocin ƙarshen ɗaki suna yawan yankewa, musamman da tsakar rana. Ko suwic ɗin, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin, shi ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar sayen sabon suwic, domin abin da ka bayyana ya fi kama da matsalar waya, kuma ƙaramin testan nan mai fitilu ba ya iya ba da shaidar da ake ɗora masa. Aikinsa kawai ya nuna cewa kowane sili ya isa ɗaya ƙarshen a lambarsa.

Idan ka feɗe wayar za ka ga silla takwas, an murɗe su bibbiyu, tagwaye huɗu ke nan. Wannan murɗin shi ne ke kare saƙo daga kutsen wutar lantarki da kuma na sauran sillan da ke kusa da shi, muddin saƙon ya bi ta tagwaye guda. A jikin kan da ake matsewa a bakin wayar, wato RJ45, lamba 1 da 2 tagwaye ne, 4 da 5 tagwaye ne, haka 7 da 8, sai kuma 3 da 6, waɗanda ke tsallake na tsakiya. A nan ne masu aiki da yawa ke yin kuskure, su jera sillan yadda suka fito daga cikin roba, biyu bayan biyu, su maimaita hakan a ɗaya ƙarshen. Testa zai haska daga 1 har 8 ba tare da ya nuna komai ba, alhali an raba 3 da 6 a tagwaye daban-daban. Irin wannan waya takan yi aiki idan gajera ce, amma da ta yi tsawo sai saƙo ya dinga lalacewa, kuma wannan ya yi daidai da abin da ke faruwa a ƙarshen ɗakinka.

Ka zaro waya ɗaya, ka riƙe kanta maƙallin yana kallon ƙasa, wayar tana ta wajenka, ka duba launukan daga hagu. Bisa tsarin T568B, wanda aka fi amfani da shi, jerin shi ne: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, sai ruwan ƙasa. Ka kuma lura ko robar waje ta shiga cikin kan an matse ta, domin bai kamata a warware murɗin fiye da milimita 13 ba. Nakan ji takaici idan na ga silla tsirara kamar tsawon ɗan yatsa suna reto a bayan kwamfuta, saboda gyaransu bai wuce aikin minti biyu ba.

Batun tsakar rana kuwa yana sa ni zargin ingancin wayar kanta. Akwai wadda ake sayarwa da arha, an rubuta Cat6, wato ajin ingancin waya, a kwalinta, amma cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa. Idan fari ya bayyana, to ita ce. Ba ta ɗaukar saƙo kamar jan ƙarfe zalla, kuma tana saurin karyewa. Ƙa'idar tsawo ita ce mita 100 gaba ɗaya, 90 a cikin gini da 10 na gajerun wayoyin haɗi, kuma an yi wannan lissafi ne a kan zafin digiri 20. A Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wayar da aka shimfiɗa cikin silin a ƙarƙashin rufin kwano tana rasa ƙarfin saƙo fiye da yadda aka ƙiyasta.

Idan za a sake ja, a sa wayar cikin bututun roba saboda ɓeraye, a raba hanyarta da ta wayar wuta da ta janareta, kada a fizge ta da ƙarfi, kada kuma a lanƙwasa ta a kusurwa kamar an karya kara.

Gwaji na gaskiya ana yin sa ne da na'ura irin ta kamfanin Fluke, mai auna tsawo da asarar saƙo da kutse, amma tana da tsada ƙwarai. Kafin a samu mai ita, ka duba saurin haɗi a kan kowace kwamfuta. Idan suwic da kwamfutar duk masu gigabit ne, wato saurin megabit 1,000, amma ta nuna megabit 100, to mai yiwuwa akwai silin da bai zauna da kyau ba, domin gigabit na buƙatar tagwaye huɗun duka, megabit 100 kuwa biyu sun ishe shi. Daga nan ka ɗauko kwamfuta ɗaya daga ƙarshen ɗaki, ka jona ta kusa da suwic da gajeriyar waya ta masana'anta, ka bar ta ta wuce azahar tana aiki. Idan ba ta yanke ba, ka kira mai aikin ya sake matse kawunan bisa jerin da na faɗa.